Kunnen Direba da Akwatin Sauti

Kafin ka sa hannu a kan sakamakon gwajin kowa, riƙe wannan misalin.

Wani kamfanin jigilar mai ya tura direbobinsa asibiti gwajin ji, da sharaɗin duk wanda ya faɗi zai ajiye makullin mota. Cikinsu akwai wani dattijo da ya shekara ashirin da uku yana jan tanka. Ma'aikacin asibitin ya zaunar da shi, ya sa masa abin sauraro a kunne, ya ce da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Kwamfutar gwajin tana aiki da wata manhaja ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, kuma a safiyar ranar aka jona mata sabon ɗan akwatin sauti ta kafar USB. Daga akwatin wayar abin sauraron ta fito. Ma'aikacin ya saki sauti, hannun dattijo bai motsa ba. Ma'aikacin ya ja ma'aunin ƙarar da ke kan allo zuwa rabi. Shiru. Ya kai shi ƙarshe. Dattijo ya runtse ido, ya riƙe numfashi, gumi na bin wuyan rigarsa, ba abin da yake ji sai bugun zuciyarsa. Sau biyu yatsunsa suna tashi daga gwiwa yana mayar da su, don ba ya so ya yi ƙarya. Ma'aikacin ya jawo takarda, ya cire murfin biro zai rubuta cewa dattijo ya faɗi.

Wata ma'aikaciya da ta daɗe a wurin tana gefe tana kallo. Ta ce, "Baba, ara mini abin nan." Ta ɗora a nata kunnen, ta saurara, ta ce, "To, ashe ni ma na kurumce." Ta buɗe jerin na'urorin sautin kwamfutar, sai ga su biyu. Ma'aunin da ake ta ja na lasifikar cikin kwamfutar ne. Akwatin waje, inda sautin gwajin ke bi, yana da nasa ma'aunin daban, yana can ƙasa a kan sifili. Ta mayar wa dattijo abin sauraro, ta zaɓi akwatin, ta soma ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Ko kwata ba ta kai ba, hannunsa ya tashi sama. Ma'aikacin ya dubi takardar, inda har ya rubuta harafin farko, ya mayar da murfin biro.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.