Jan Zare a Bakin Aljihu

Kowa a falon yana kallon yarinyar da ke kuka a talabijin, Iya kuwa aljihun wani tsoho take kallo.

Wasan na mutanen da ne, an ɗauko shi daga wani tsohon littafi da aka yi ta karantawa a makarantu. Tun da aka fara nuna shi bayan la'asar, falon ɗanta ya koma dandali. Matar tela ta ƙi jinin attajirin cikin wasan, har tana nuna shi da cokali. Malamar da ke haya a ɗakin baya kullum ƙorafinta ɗaya, wai a littafin ba haka aka yi ba. Jikoki kuwa dariyar manyan rawuna suke yi. Iya ba ta ɗauki wasa a bakin komai ba, ta ce ƙarya ce aka sa wa tufafi. Zama take yi don kada a ga abin da bai kamata ba.

Tsohon ba kowa ba ne a labarin. Mai gadin ƙofar attajiri ne, ba ya magana, rawani ya rufe masa baki da hanci, yawanci ma ƙeyarsa ake nunawa. Amma da ya juya zai buɗe ƙofa, Iya ta ga shuɗiyar riga mai ratsin fari, ta ga bakin aljihun hagu an ɗaure shi da jan zare, ɗinki a gicciye.

Ta san wannan ɗinki, hannunta ne. Maigidanta kafinta ne, mutum mai rataya babban yatsa a aljihu in yana tsaye, har ya yage bakin aljihun. Ta yi faɗa ta gaji, ta koma kamawa da jan zare don ya riƙa gani yana jin kunya. Tun da ruwa ya ci shi, ɗansu yana ƙarami, ba ta da kabarin da za ta nuna wa kowa. Shuɗiyar rigar da ta rage mata ta ninke ta kulle a akwatin ƙarfe, makullin yana wuyanta.

Sau ɗaya makullin ya bar wuyan nan, lokacin da aka kwantar da ita a asibiti. Matar ɗanta ta riƙe shi, wadda har yau ake ce wa Amarya duk da 'ya'yan da ta tara. Ƙanin Amarya kuma direba ne, shi ke ɗaukar wa 'yan fim kaya, kuma an ji shi yana cewa tsofaffin tufafi suke nema ido rufe.

 Iya ta sa ido. Ta lura Amarya takan tashi ta shiga kicin ana tsakiyar kallo. Ta lura da sabon mayafi a jikin Amarya. Da aka sake nuna mai gadin, ta gan shi tsaye ya rataya yatsa a aljihun, ya karkata kafaɗa. Zuciyarta ta tafasa: ashe ba rigar kaɗai aka sayar ba, har tsayuwar mamaci an kwatanta wa bare ya kwaikwaya.

Ba ta buɗe akwatin ita kaɗai ba, kada a ce ita ta ɓoye. Ta jira ranar da za a nuna ƙarshen wasan, falo ya cika maƙil, ɗanta ma yana gida. Ta sa aka jawo akwatin har gaban talabijin. Matar tela ta tambaya ko rabon gado za a yi, ba wanda ya taya ta dariya.

Iya ta faɗi abin da ta gani tiryan-tiryan, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ɗanta in aka buɗe ba riga, to rufi ɗaya ba zai ƙara rufe ta da matarsa ba, ya zaɓa.

Amarya ta durƙusa, hannunta da jiƙar wanke-wanke. "Iya, wallahi ko murfinsa ban taɓa ɗagawa ba."

"Akwati zai faɗa," in ji Iya.

Ɗan ya sunkuyar da kai. Malama ta rage sautin talabijin. Makullin ya yi gardama saboda tsatsa, sannan ya juya. Iya ta ɗaga zannuwan sama ɗaya bayan ɗaya.

Rigar tana nan. A ninke, yadda ta ninke ta, jan zaren a bakin aljihu.

Amarya ta fashe da kuka. Matar tela ta shiga cewa ai kama ce, duniya da faɗi, a yi haƙuri a yafi juna. Ɗan ya sauke numfashi ya ce a mayar da akwati.

Iya ba ta ji su ba. Ta rungume rigar, ta matsa kusa da talabijin har jikoki suka kauce. Ana nuna mai gadin yana rufe ƙofar attajiri a karo na ƙarshe, yatsa a aljihu, kafaɗa a karkace. Riguna biyu aka fitar daga wannan shuɗin yadi, duka biyun ta kama da jan zare, kuma ɗayar ita ce a jikinsa ranar da ya shiga jirgin ruwan da aka ce mata ya kife, ba wanda ya fita da rai.