Wayar Injin Ban Ruwa

Duka ya sauka a gadon bayan maigida, tim! Ya saki wayar injin ban ruwa, ya baje cikin tumatir yana salati.

Da ya buɗe ido, sai ya ga matarsa tsaye a kansa, riƙe da ƙotar fartanya.

"Allah Ya yi miki albarka," ya ce. "Kin ceci raina."

Maƙwabtan gona da suka ji ihunsa suka rugo. Ya tashi zaune yana shafa baya, yana ba su labari.

"Inda wayar ta saluɓe na kama, wuta ta riƙe ni ƙam. Da ta taɓa ni da hannu, da mu biyun mun tafi. Amma kun ga mace mai hankali, busasshen itace ta nemo!"

Wani dattijo ya gyaɗa kai. "Madalla. To a je a kashe wutar, kada wani ya taka."

"Ai a kashe take, Baba," in ji matar. "Ita na fara kashewa. Ihun ne kawai bai daina ba."

Maigida ya juyo a hankali. "To dukan fa?"

"Tun bara nake ce maka ka canza wayar nan."