Amarya Ruwan Ɗorawa

Hoton ya buɗe, Mikail ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. Da ya sake dubawa sai murna ta koma ciki. Muhsinat ce kuwa, amaryarsa, da idonta da wushiryarta, amma tun daga goshi har wuya ta zama ruwan ɗorawa shar, har da dabbare-dabbare.

Mikail ɗan unguwar Gwange ne, mai rubuta manhajar kwamfuta. Akwai wata manhajar sarrafa hotuna da masana daga ko'ina a duniya ke haɗa hannu suna ginawa kyauta, sai dai ba ta iya buɗe sabon nau'in hoton da wayoyin zamani ke ɗauka. Shi ya ɗauki alkawarin koya mata. Vivian, mai tace aikin kafin a karɓa, ta ce in ya kammala kafin Juma'a, za ta ba da sunansa ga wani kamfani mai neman ma'aikaci. Shi kuwa gogan naka, da saurin baki, tuni ya shaida wa surukinsa cewa aiki ya samu. Ga ɗaurin aure ranar Asabar.

Wayarsa tsohuwa ce, don haka ya roƙi Raudatu, ƙawar amarya, ta ɗauko masa hoton gwaji da tata sabuwa. Lokacin suna gidan gwaggon amarya a unguwar Bulabulin, inda aka killace amarya, ko ango ba ya leƙawa. Raudatu ta turo nan take, tana ƙunshe dariya a waya.

Ya tabbata a lissafin launuka ya yi kuskure. Ya rage rawaya, ya ƙara shuɗi, ya danne nan, ya tallafe can. Abinci ya huce a gabansa, tela ya gaji da kira ya zo gwajin babbar riga. Wallahi ya sha wuya! A ƙarshe Muhsinat ta fito fes, baƙa mai sheƙi yadda ya san ta, ya tura aikin yana taƙama.

Amsar Vivian ba ta ɗau lokaci ba. Ta gwada da hotunanta: ayaba ta koma toka-toka, yashi ya yi shuɗi, mutane kuwa kamar an tsamo su daga rini. Ta ce ya ɗora hoton da ya yi gwaji da shi a dandalin manhajar, kowa ya gani a taya shi neman matsalar, don lokaci ya ƙure.

Tsoro ya kama shi sosai. Da wane ido zai dubi surukinsa? Sai dai hoton amarya ba abin bazawa duniya ba ne babu izini, don haka ya kira Raudatu.

"Wushe, sannu ango! An ƙosa ne?"

"Bar wasa, Raudatu. Hoton nan ya hana ni sakat. Kome na yi, rawaya take fitowa, in na gyara ta kuma sauran su lalace. Zan sa shi a intanet masana su duba."

"Intanet? Ka rufa mana asiri, gwaggo za ta kashe ni! Ai a sace na ɗauka. Wane gyara kuma kake yi? Haka take rawaya, dilka da kurkum na gyaran jikin amare muka shafe ta da su!"