Ƙarfe Biyu Ake Tashi

"Ƙarfe biyu ake tashi!" in ji Tsohon Direba, ya daki bonet da tafin hannu. "Yarona zai tsaya a ƙofar makaranta cikin rana, kai kana nan kana danne-dannen banza!"

Bakaniken ya zagaya gefen direba. Ya ɗan ɗaga ƙofar motar sama kafin ya ja, don sai da haka take buɗuwa. Ya durƙusa, ya lalubi soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya cusa igiyar na'urarsa, ya murɗa makulli. Fuskar na'urar ta kawo haske, ta shiga tambayar ƙwaƙwalwar mota abin da ke damunta.

Motar tana cikin rumfar ƙofar gida, gefenta na dama a lotse, fitila ɗaya a fashe. Mai ita kuwa shekara arba'in ya yi yana jan manyan motoci, kuma har yau ba ya yarda wani ya fi shi sanin inji.

"A zamaninmu da kunne ake gyara," ya ce. "Ku kuwa sai an ba ku waya ta gaya muku. Me ta ce?"

Lamba ɗaya ce ta fito, P0335. Bakaniken ya san ta kamar yunwar cikinsa: saƙon da ke shaida wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana juyawa ba ya isowa, saboda haka ba za ta ba filogi wuta ba. Waya ɗaya ce a cire, aikin minti biyu. Ya kuma san hannun da ya cire ta, domin da shi yake riƙe da na'urar.

"Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, Baba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai an yi odar wata. Zai ɗauki kwanaki."

"Ƙarya kake yi."

"Baba..."

"Na ce ƙarya kake yi! Murɗa mini in ji."

Ya murɗa. Kik ya juya inji lafiya lau, amma motar ba ta tashi ba. Tsohon ya karkata kai, ya saurari ƙarar famfon mai daga baya, ya gyaɗa kai. Sai ya ture bakaniken gefe, ya buɗe bonet, ya zare wayar filogi ɗaya ya duba. Babu wuta. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu can ƙasan inji, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsu, idonsa a rufe.

Bakaniken ya dubi agogo, ya dubi titi. Motoci na wucewa a guje, mata na tsallakawa da kaya a ka.

"Baba, bari in samo maka mai tasi."

"Ga ta!" Tsohon ya ɗago a fusace. "Ba tsinkewa ta yi ba, ba ɓera ne ya ci ba. Cire ta aka yi, har aka soke ta bayan ƙarfe don kada a gani. Wannan aikin wanda ya san mota ne. Azzalumi! Ka kashe da hannunka, ka dawo da jaka kana neman gawa!"

Ya mayar da wayar, ta ce ƙas. Kafin bakaniken ya zagayo, tsohon ya shige mota ya murɗa makulli. Injin ya tashi da ruri, hayaƙi ya cika rumfar. Ya taka kuloci, ya kai hannu kan giya.

Bakaniken ya zura hannu ta taga, ya kashe motar, ya zare makullin ya jefa a aljihu.

"Ɓarawo!" Tsohon ya fito yana ihu. "Jama'a, ɓarawo da rana tsaka!"

Mai shagon da ke kallon gidan ya fito. Tela ya tsayar da kekensa ya leƙo. Mata biyu suka tsaya a bakin titi. Ba wanda ya matso, ba wanda ya ɗauki ko tsinke.

Tsohon ya fizge na'urar daga igiyarta ya maka da ƙasa, gilashinta ya tsage. Ya ci kwalar bakaniken, ya wanke shi da mari, ya ƙara. Zobensa ya fasa masa leɓe.

"Ba ni makullina! Wace irin tarbiyya aka yi maka? Wallahi ubanka ya yi asarar haihuwa!"

Jijiyoyin wuyan bakaniken suka tashi. Ya dunƙule hannu, ya mayar da shi baya, ya riƙe da ɗayan.

"Ka doke ni har ka gaji," ya ce. "Motar nan ba za ta sake hawa titi da kai ba."

Sai uwargida ta fito, tana gyara mayafi, ba ta ko gaggawa. Ta tsaya kusa da mijinta.

"Malam, an ɗauko yaron. Yana gida."

"An ɗauko shi?" Ya saki kwalar. "Ya ci abinci?"

"Kai yake jira. Zo mu shiga."

Ya bi ta, yana waiwaye yana nuna bakaniken da yatsa. "Kada wannan ya sake tako mini ƙofar gida."

Mai shago ya koma shagonsa, tela ya ci gaba da ɗinki. Bakaniken ya tsince na'urarsa, ya zura hannu ƙasan inji ya sake cire wayar, wannan karon ya naɗe ta da tef ya tura ta inda yatsa ba zai kai ba. Yana rufe bonet uwargida ta dawo da ruwa a kofi da tsumma, ta kama haɓarsa tana goge jinin, ya tsaya mata shiru kamar ƙaramin yaro.

"Shiga ka ci abinci da shi," ta ce. "Yau shekara talatin da gama makarantarka, amma ubanka bai daina tsoron ka tsaya cikin rana ba."