Kwalin da Ya Ƙi Ƙarewa

Ranar Litinin Clive Hatherley ya ƙirga sojojin da suka rage a kwalin takalminsa, ya samu talatin da ɗaya. Ranar Lahadi, bayan ya fente goma sha biyu, ya sake ƙirgawa, ya samu arba'in da huɗu.

Shekara arba'in ya yi yana tara sojojin dalma, waɗanda ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. A ƙungiyarmu ta Nottingham duk Alhamis muke haɗuwa a zauren coci, mu jera runduna a kan teburi, mu gwabza yaƙi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo. Dokarmu ɗaya ce, sojan da ba a fente ba ba ya hawa teburi. To saye ya fi fenti sauri, don haka kowannenmu yana da tarin sojoji tsirara ba fenti a gida, yana ta yi musu alkawari.

Muna kuma da camfinmu: ranar da ka fente sojanka na ƙarshe, ka gama aikinka a duniya. Tsoho Norman ya gama nasa ranar Talata, ya cika mana kunne da fariya, Juma'a aka kai shi asibiti bai dawo ba. Shekararsa tamanin da tara, amma ba mai son a tuna masa wannan.

Clive bai yarda da camfi ba. Da aka yi masa aikin zuciya ya warware, sai ya miƙe a gabanmu ya rantse ya daina saye, kuma kafin bikin Ista zai kawo mana kwalinsa wayam. Ya ce ba zai mutu ya bar sojoji tsirara matarsa ta kwashe ta zuba a shara ba.

Matar tasa, Glenys, za ta aikata. Tun aurensu take kiran sojojin 'yantsana, kuma sau ɗaya ta taɓa taka zaurenmu, ranar da ta raba shayi bayan jana'izar Norman. Da ya gaya mata rantsuwarsa, ko ɗago kai daga saƙarta ba ta yi ba.

"Allah ya sa da gaske kake," in ji ta. "Ko na ga katakon teburin cin abincina kafin in tsufa."

Duk Asabar da safe takan shiga gari sayen zare. Wata bakwai ke nan tana saƙa masa rigar sanyi guda, har yau hannu ɗaya gare ta.

Clive ya zazzage kwalin ya bi sojojin ɗaya bayan ɗaya. Shi rundunar Faransa ta zamanin Napoleon yake tarawa, sai ga sojojin Rumawa shida da garkuwoyinsu sun saje a ciki. Mako na gaba aka ƙara masa Faransawa na gaske, sai dai ƙanana ne, ko kafaɗar nasa ba su kai ba. Daga mako na uku ba a sake kuskure ba. Ko wane ne, yana koyo.

Ya sa wa kwalin kwaɗo, ya rataye makullin a ƙusar kicin. Ya riƙa fenti tun daga karin kumallo har idonsa ya yi ja. Sojoji suka ci gaba da haihuwa.

Zarginsa ya tsaya a kan Rodney Blenkin. Duk Asabar da yamma Rodney kan zo gidan shan shayi, ya cinye biskit, kuma bai taɓa yafe ranar da dawakan Clive suka tattake masa runduna a gaban baƙi ba. Alhamis na yi, Clive ya dire kwalin a tsakiyar filin yaƙi, har wata gada ta rushe.

"Kai ne, munafuki! So kake Ista ta zo in ji kunya."

Rodney ya yi dariya har da tari. "Ni? Haba mutumina. Ni da nake addu'a ka gama da wuri in gaji dawakanka? Kawo burushi ma in taya ka!"

Muka kwashe da dariya. Clive bai yi ba, don abin ya ci masa rai sosai. Saura mako biyu Ista, kwalin kuwa ya fi da nauyi.

Shago ɗaya ya rage a unguwar da ke sayar da sojojin dalma ɗai-ɗai, na Mista Oldroyd. Asabar da safe Clive ya ce wa Glenys za shi aski, ya riga kowa isa shagon. Oldroyd ya rantse bai san komai ba, yana ta goge kantar da ba ƙura a kanta. Clive ya ce ba laifi, ya ja kujera bayan durowar fenti ya lafe, yana shirya zagin da zai yi wa Rodney.

Ƙarfe goma ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Oldroyd ya hau tari, yana nuni da gira wajen durowar, amma mai shigowar ba ta lura ba. Jaka ta sauka a kan kantar shagon.

"Yau hamsin za ka ba ni, hannunsa ya ƙara sauri. Kuma ka zaɓo masu wahalar fenti, 'yan Scotland ɗin nan masu siket mai zanen gida-gida."

"Madam," in ji Oldroyd da muryar tausayi, "ai camfi ne kawai, wasan tsofaffi."

"Na sani sarai," in ji Glenys, tana tura sojojin ƙarƙashin zarenta, "amma ba da mijina za a gwada ba."