Ba a Korar Jirgi

A baiti na huɗu Tamada ta maka sandarta a kan tebur, har lasifikar ta yi tsalle.

Tun hantsi take zaune a zauren kwamitin bikin tseren jirage a Yelwa. Ta ture soyayyen kifin da aka kawo mata gefe, tana sauraren abin da ta laƙaba wa suna akwatin ƙarya. Shekara talatin ita ce zabiyar da ke tsayawa a goshin jirgin farko, tana ba matan gungu, 'ya'yan tsibiran kogi, waƙa suna amshi. Bana kuwa ana so a ɗaure lasifika a inda take tsayawa.

Fauziyya, sakatariyar kwamitin, ita ta jajibo wannan fitina. Wai ƙirƙirarriyar basira. Abin ya riga ya cika gari: shi ke rubuta wa dillalan banda talla, shi ke zana wa masu injin casar shinkafa tambarin buhu. Duk wannan bai dami Tamada ba. Amma da aka tono tsoffin kaset goma sha ɗaya a akwatin wani malamin makaranta da ya rasu a Ngaski, waƙoƙin da mata suka rera bayan ruwan Kainji ya cinye tsibiransu, aka ɗura wa na'ura, aka ce ta cike baitocin da suka ɓace, nan Tamada ta ji an taka mata wuya.

Abin da ya fi ƙona mata rai, shegiyar ta iya. Baiti uku Tamada ta kasa kunne tana neman inda za ta cafke ta, ba ta samu ba. Sai a na huɗu ta ji an ce, "Rana ta karya, ku kora jirgi gida."

"Ku kora mi?" in ji ta. "Malam Gambo, jirgi saniya na? Tuƙa jirgi akai. A tuƙa shi, a iza shi, a ja shi. Babu ɗiyar gungun da za ta ce a kora shi, ko cikin magagi."

Gambo, shugaban kwamitin, tsohon masunci ne. Ya gyaɗa kai, sauran dattawa suka bi shi. Tamada ta ji wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun da aka fara maganar lasifika.

Fauziyya ta ce, "Inna, ba daga iska take ɗauko kalma ba. Wata ta ji ta faɗa a cikin kaset ɗin."

"To baƙuwa ta! Irin waɗanda ka zuwa su leƙa waƙar mutane su ɓata. Ku biɗo min ita. In tana da rai, kada ta ƙara buɗe baki bisa ruwa. Ita da akwatin da ta koya ma, su kalli biki daga tudu."

Gambo ya tambaye ta ko wace ce hukuncin zai hau kanta. Tamada ta ce ko 'yar wace ce. Aka rubuta, dattawa shida suka sa hannu, ita ma ta dangwala yatsa.

Kwana biyu Fauziyya tana bin kaset ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyun nan Tamada ba ta zauna ba. Ta zagaye kasuwa tana ba da labarin yadda ta kunyata boko. A wajen masu nono ta tsaya ta kalli ƙwarya sau ɗaya, ta ce an sirka da ruwa, mai nonon ta yi dariya ta sauya mata. Daga nan ta shiga lissafa waɗanda take zargi, rayayyu da matattu. Marigayiya Uwani ce ta fi shan suka, don ba ta nan balle ta kare kanta.

Ranar Laraba da la'asar Fauziyya ta yi sallama a gidanta, ta durƙusa, ta ƙi ɗago ido.

"Inna, na janye na'urar. Ki tsaya a goshin jirginki. A bar maganar kaset."

Tamada ta dube ta sama da ƙasa. Wato an gano mai laifin, kuma 'yar gidan wani babba ce, shi ne za a rufa asiri. Haushi ya turnuƙe ta. Ta ce ba ta karɓi sulhu ba, gobe a kunna kaset ɗin a gaban kowa.

Washegari zauren ya cika har waje. Fauziyya ta sa kaset na bakwai. Aka ji shuuu, aka ji zakara ya yi cara, sannan wata siririyar murya ta yarinya ta ɗauko waƙa tana sarƙewa da kunya. Ta zo wurin, ta ce a kora jirgi gida.

"Kun ji ta ko!" in ji Tamada, ta miƙe tsaye. "Murya awa ta akuya. Bari shi tafi, mu ji ɗiyar wa ce."

Fauziyya ta janye yatsanta daga maɓallin tsayarwa. Waƙar ta ƙare, mata suka yi guɗa, muryar malamin ta ce, "Madalla, amarya. Faɗa wa rikoda sunanki da inda kika fito."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ta ce, "Tamada. Daga rugarmu ta bayan Shanga anka kawo ni, wata uku ke nan."