Inda Muka Yi Shakka

Tun da aka kafa dokar cewa inji kaɗai zai riƙa rubuta manhajar bincike, Malam Tanimu bai sake leƙa cikin wata manhaja ba, sai ranar da tsohuwar ɗalibarsa, Dakta Asabe, ta yi sallama. Manhajar hasashen damina ta ce a yi shuka gobe, kuma Asabe ce za ta sanar a rediyo.

"Malam, hankalina bai kwanta ba. In ruwa ya ɗauke, manoma sun yi asarar iri. Duba mini."

Ya daɗe yana karantawa. Shi da abokansa suka fara gina ta, a buɗe ga kowa. A zamaninsu, wanda bai gamsu da lissafinsa ba yakan rubuta a gefe: "Sannu da aiki, mai zuwa bayana. Nan ban tabbata ba, ka gwada."

Injin ya bar gaisuwar a ko'ina. Sauran maganar ce babu.

"Ina kuskuren, Malam?"

"Ban sani ba, Asabe. Manhajar ba ta shakkar komai."

Ta kira gidan rediyo ta ce a dakata, sannan ta jawo kujera.

"To, nuna mini inda kuka yi shakka."